Shafi ya fito fari fat? Ku daina ɗora wa sabis laifi

Jama'a, a Kaduna duk abin da ya ƙi buɗewa a waya, sabis ne ke shan zagi. Yaro yana son cike fom ɗin makaranta, shafi ya fito fari fat, ba rubutu ba hoto, sai ka ji "wallahi yau sabis ya lalace". Ya fita tsakar gida ya ɗaga waya sama, ya sauya layi, ya ƙara sayen data. Wani ma har ya hau Keke Napep daga Kawo ya shigo cikin gari a goge masa wayar kakaf, wai ta kwashi bairos. Hotunan biki da lambobin mutane su salwanta, shafin kuma yana nan yadda yake.

Ku lura da wani abu. In da gaske babu intanet, Chrome ba ya barin ka da fari, ɗan dodon nan nasa mai tsalle ne zai fito ya ce maka babu haɗi. Fari fat galibi yana nufin wayarka ta kai ga shafin, an kuma amsa mata, sai dai abin da aka turo bai gama haɗuwa ba. Shafukan zamani da yawa fanko suke isowa, wani shiri mai suna JavaScript ne ke zuba rubutu da hotuna a cikin wayar taka. In ya gaza aiki, ba abin da za ka gani.

Babban mai jawo mana wannan shi ne Opera Mini, duk da ina ganin mutuncinsa, don ya rufa wa talaka asiri wajen data. Idan yana kan tsimi mai tsanani, ba kai tsaye yake kawo maka shafi ba. Sai ya bi da shi ta kwamfutocin kamfanin Opera, a matse shi, sannan a turo maka. Labarai za su karantu lafiya lau, amma fom ɗin biyan kuɗi ko na rajista yakan mutu a hanya. Rage tsimin, ko ka koma Chrome ko Firefox don wannan aikin kawai.

In a Chrome ɗin ne abin ya faru, buɗe shafin a Incognito, wato tagar sirri ta Chrome da ba ta amfani da abin da wayar ta ajiye a baya. Ya buɗu? To tsohon kwafin da wayar ta ajiye ne ya ruɓe, shiga saiti ka share shi, amma kada ka haɗa da kalmomin sirrinka. A kwamfuta kuwa, danna Ctrl da F5 tare, sannan ka kashe mai tare talla, don wani lokaci yakan tare har da abin da shafin ke buƙata. In an gwada a wayar wani ma fari ne, matsalar tana can wajen masu shafin, sai haƙuri.

Masu kafe, ku ma da naku. Tun farkon 2023 Chrome ya daina sabuntawa a Windows 7, ya tsaya a lamba 109, amma har yau akwai shagunan da ke karɓar kuɗin awa a kan irin waɗannan kwamfutoci, shafi ya ƙi fitowa su ce "daga can ne".

Waɗanda na fi jin haushi su ne masu gina shafukan hukumomi da makarantu. Suna gwada aikinsu a babbar kwamfuta da intanet na ofis, alhali mai cike fom ɗin yana Rigasa da tsohuwar waya da datar ɗari biyu. Layi ɗaya da zai ce "wannan shafi ba ya aiki a Opera Mini, a buɗe shi a Chrome" ba ya cin minti biyar wajen rubutawa. In za a saka shi da Hausa ma, ya fi.