Ƙannena 'yan lise na Tawa, kada ku bar wasan kwaikwayo ya mutu a hannunku

Maganata da ku ce, 'yan lise da 'yan kolej na garin Tawa, a kan wasan kwaikwayon makaranta, irin wanda ake haɗawa da waƙa da kiɗa a nuna wa iyaye da malamai. Abin yana ja da baya, kuma yana damuna ƙwarai. Idan mushe, wato malami, ya shigo aji ya tambayi wa zai shiga ƙungiyar wasa, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya ce jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej ce a gabansa, waccan ta ce ba za a bar ta a gida ba. Amma yaron da ya ce ba shi da lokaci, da la'asar za ka tarar da shi a fada, ana dafa shayi, ana ɗaukar bidiyon barkwanci don a saka a TikTok. Ke nan sha'awar tana nan daram, wurin da kuke kai ta ne ya yi mata kaɗan.

Bidiyo kana iya sake shi sau goma, ka yanke inda ka yi tuntuɓe, ka ɗora kiɗan wani a kai. Dandali ba ya ba ka wannan dama. Ka fito, ga mutane cike da fili, ga mahaifinka a benci na biyu, bakinka ya bushe, kuma dole maganar ta fita har na can baya ya ji. Yaron da ya taɓa tsallake wannan ba ya sake rawar murya idan an ce ya tashi ya yi bayani a gaban aji, haka ranar da zai kare kundinsa a jami'a, haka ranar da za a aike shi ya yi magana da yawun danginsa a gaban manya. Da yawa cikinku kuna da ilimin a ka, amma da an ce ku buɗe baki sai ya maƙale.

Kuma kada wani ya ce muku wannan baƙon abu ne. Muna da tashe a watan azumi, Damagaram tana da wasan kara, inda talaka yake kwaikwayon sarki da gwamna a gabansu, su yi dariya su kuma ji saƙo. A makarantar William Ponty ta Senegal, wadda Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu a cikinta, tun shekarun 1930 ake tura ɗalibai gida lokacin hutu su tattaro labarai da al'adun garuruwansu, a dawo a mai da su wasa. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya, wato ƙungiyar matasa, ta kowace jiha tana shirya wasanta da waƙarta don gasar matasa ta ƙasa. Ku tambayi iyayenku yadda ake cika gaban talabijin idan Télé Sahel ta sako Yazi Dogo da mutanensa. Yazi Dogo malamin makaranta ne, alli ya riƙe kafin duk Nijar ta san fuskarsa.

Abin da ya fi burge ni a shirin wasa shi ne lokacin gwaji, wanda 'yan kallo ba sa gani. An ture tebura gefe, an ɗaura zanin gado a igiya ya zama labule. Yarinyar da za ta fito uwa tana rera baitinta, muryarta ba ta wuce benci na uku, sai malami ya koma can ƙarshen aji ya tsaya ya ce, "Sake, ban ji ba." Ta sake, ta sake, har ta gane cewa daga ciki ake ɗauko numfashi, ba daga maƙogwaro ba. Mai kalangu yana zaune hannunsa na ƙaiƙayi, amma ba zai taɓa fata ba sai ta kai kalmar da aka yi alkawari. Wani yaro da ba ya son a gan shi yana bayan labule da takarda a hannu, yana raɗa wa wanda ya manta layinsa. Wata tana liƙa gemun auduga a haɓar ɗan shekara goma sha shida don ya zama maigari. Idan mutum ɗaya bai zo ba, duk sauran sun yi zaman banza, kuma shi kansa ya sani. A nan yaro yake koyon nauyin alkawari, domin yana ganin idon abokansa washegari.

Sai dai ina roƙonku, idan za ku yi, ku yi naku. Kada ku kunna waƙar fim a lasifika ku riƙa motsa baki kuna rawar da kuka kwafo a waya, sannan ku ce kun yi wasa. Garin da ake gasar waƙa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu bai kamata 'ya'yansa su rasa baiti huɗu na kansu ba. Labari kuwa yana ƙofar gidanku. Wane gida ne a Adar bai san cin rani ba? Uba ya tafi Abijan ko Libiya, uwa tana jiran kiran waya da ɗan abin da za a turo, yaro ya girma yana sanin muryar babansa fiye da fuskarsa. Ga ƙanwar da aka cire daga aji ana saura kaɗan ta yi jarrabawa. Ga rikicin manomi da makiyayi idan kaka ta yi. Ku rubuta waɗannan da Hausar da kuke yi a gida, Buzu ya yi Tamashek ɗinsa, Bafillace ya yi Fillancinsa, ma'aikacin gwamnati ya zuba Faransancinsa, kamar dai yadda ake ji a kasuwar Tawa. Waƙa ta shigo a inda magana ta kasa ɗaukar abin da ke zuci, kamar daren da matar nan ta ji an ce motar su mijinta ta ɓace a hamada.

Game da iyaye, ku daina cewa ba su waye ba. Tsoronsu yana da tushe: sun ga inda aka fake da gwaji aka yi ta yawon dare. Ku ne za ku cire musu wannan tsoro. A yi gwaji a cikin makaranta, malami ko malama na wurin, a tashi kafin magariba. Ke da ake hanawa, ki kai wa babanki takardar wasan ya karanta ko a karanta masa, ki gaya masa rawar da za ki taka da kayan da za ki sa. Ku samari kuma, 'yar ajinku da ta fito matarku a wasa ƙanwarku ce da an sauke labule. Kada ku mai da gurgu ko mai in'ina abin dariya, kada ku ɗauki wani malami da kowa zai gane ku tozarta shi don a tafa muku.

Batun jarrabawa gaskiya ne, shi ya sa lokaci yake da muhimmanci. Ku fara da sanyi, wajen Nuwamba, ku nuna wasan kafin zafin Afrilu ya shigo da bitar BEPC da BAC, jarrabawar ƙarshen lise. 'Yan ajin jarrabawa su ɗauki ƙananan rawa, su bar manyan ga na bayansu. Kuɗi ma ba wani mai yawa ake bukata ba: rigar kaka, tabarma, turmi da ƙwarya duk aro ne, 'yan jikkunan da za ku tara su tafi ga hayar lasifika. Idan filin makaranta ya yi kaɗan, ku sa shugaban makaranta ya nema muku gidan matasa.

Yawancin wasannin da iyayenmu suka yi a samariya a ka aka riƙe su, an tsara labarin a baki kowa ya san inda zai shiga, da masu yin suka tsufa sai da yawa suka bi su. Ku sayi littafi guda, ku rubuta wasanku da baitocin waƙoƙin da sunayen waɗanda suka fito, ku damƙa wa malamin da ya jagorance ku, domin 'yan ajin da ke bayanku su samu inda za su fara baɗi.