Wa ya ba ku izinin yankar ajiyar talaka wata-wata?

Manhajar da nake zuba ɗan abin da na samu a cikinta ta ƙara kuɗin kula da asusu, ta ƙara kuɗin cirewa, sannan ta ƙirƙiro wani sabon caji na sidi 5 da za a riƙa yanka duk ƙarshen wata, ko ka taɓa kuɗinka ko ba ka taɓa ba. Ba wanda ya nemi yardarmu. Saƙon tes guda aka turo, da Turanci, da wata mahaɗa da in ka danna za ta kai ka shafin da sai mai digiri zai iya warware shi. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma ba don kaina kaɗai ba, domin na san irin mutanen da aka ja cikin harkar nan a unguwannin Aboabo da Asawase da Alabar na Kumasi.

Masu manhajar fa su suka zo wajenmu. Samari da riguna iri ɗaya, sun kafa lema a bakin titi, suna cewa ba sai kai Alhaji ne mai babban shago a Kejetia ba, da sidi 10 ma za ka fara, ba layi, ba sai ka hau tirotiro zuwa Adum ba. Mutane sun yarda domin sun taɓa ganin abin ya yiwu: a 2018, lokacin da MTN Ghana ta sayar da hannun jarinta a kan pesewa 75 kowane ɗaya, ta waya aka saya, da momo, wato asusun kuɗi na waya. Daga nan mai ɗinki da mai nama da mai shayi suka fahimci cewa su ma za su iya mallakar wani abu ban da abin da ke ƙarƙashin katifa. Wannan kyakkyawan zaton ne yanzu ake tatsa.

Wani zai ce, to mene ne sidi 5? Mai faɗin haka bai taɓa zama ya yi lissafin ba. Sidi 5 sau goma sha biyu sidi 60 ke nan a shekara. Wanda ya ajiye sidi 50,000, wannan bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa ba, bai ma kusa ba, ba zai taɓa jin an taɓa shi ba. Wanda duk abin da ya tara sidi 500 ne, an kwashe masa kashi 12 cikin ɗari. Caji ɗaya, ranar yanka ɗaya, amma ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya an karya masa ƙafa. Waɗanda suka tsara abin sun fi ni iya lissafi, don haka kada wani ya ce mini kuskure ne. Sun san a kan wa nauyin zai sauka.

Gwaggona tana sayar da koko da ƙosai. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta, hayaƙi ya riga ya rage mata gani. Duk Juma'a takan ware sidi 20 ta ce a zuba mata, tana tarin kayan makarantar jikarta. Kwanakin baya ta miƙo mini wayarta, gilashin duk ya tsage, an naɗe bayanta da roba, ta ce, "Ɗana, duba mini nan. Ni dai ban cire ko sisi ba, amma yarinyar nan ta karanta mini ta ce kuɗin sun ragu." Na duba. Na ce, "Gwaggo, su ne suka cire, wai ladan riƙe miki asusu." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ni na ba su kuɗina suna juyawa. Ni ce kuma zan biya su?" Ban sami abin da zan ce mata ba.

Ku yi nata lissafin. Sidi 20 duk mako, sidi 1,040 ne a shekara. Tunda kaɗan-kaɗan take zubawa, abin da ke zaune a asusun a tsawon shekarar, in an daidaita, wajen rabin haka ne. A ce ma ribar ta kai kashi 10 cikin ɗari, abin da za ta samu bai wuce sidi hamsin da 'yan kai ba. Su kuma sun ɗauki 60. Ba a ma zo kan kason da suke cirewa na kula da jarin ba, ba a zo kan kuɗin cirewa ba, ba a zo kan abin da wakilin momo zai ɗauka ranar da za ta karɓi takardar kuɗin a hannunta ba. Tsohuwa ta shekara tana tsuke bakin aljihu, ribar ta tafi, an shiga uwar kuɗi. Wannan ai ba zuba jari ba ne.

Mai susu da ake raina shi ya fi su gaskiya nesa ba kusa ba. Kowa a Zango ya san ƙa'idarsa: ka zuba kullum, a ƙarshen wata ya ɗauki na kwana ɗaya ya ba ka saura. Da tsada, ban ce babu ba. Amma tun ranar farko ya faɗa maka baki da baki, ba ya wayar gari ya ce daga yau na kwana biyu zai ɗauka, kuma in ya saɓa ka san ƙofar gidansu, ka san limamin unguwarsu. Waɗannan kuwa lambar waya ce kawai. Na kira, na daɗe ina sauraron kiɗa katina na ƙonewa, daga ƙarshe wata ta ɗauka ta ce yana cikin sharuɗɗan da na amince da su cewa kamfani na da ikon sauya caji. Na ce to zan kwashe kuɗina. Ta ce akwai kuɗin cirewa, sabon farashi. Gaba kura, baya sayaki. In ka zauna a yanka, in ka tashi a yanka. Wace irin yarjejeniya ce ɓangare ɗaya ke sauya ta yadda ya ga dama, ɗayan kuma sai ya biya kafin ya ce bai yarda ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a kan lafiyayyun mutane ake wannan ba. Mutanen ƙasar nan sun sha wuya a hannun masu riƙe musu kuɗi. A Agustan 2017 bankunan UT da Capital suka rufe. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, kuma a Nuwamban shekarar hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari ta soke na kamfanonin juya jari 53. Mutane nawa kuɗinsu ya maƙale shekara da shekaru? Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, gwamnati kuma ta fito da shirin sauya takardun bashin cikin gida, har tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi a Accra a farkon 2023, tsohuwar Babbar Mai Shari'a Sophia Akuffo na cikinsu. A wannan lokacin da aka koma ƙiyasta jari da farashin kasuwa na ranar, mutane sun buɗe waya sun tarar kuɗinsu ya zube. Asarar ta masu ajiya ce su kaɗai. Kason mai juya kuɗin ana cire shi daga jimillar abin da ke hannunsa ne, ba daga ribar da ya kawo ba, saboda haka ko an ci ko an faɗi, nasa na fita. Bayan duk wannan, wanda ya daure ya sake miƙa kuɗinsa ai girmamawa ya cancanta, ba ƙarin caji ba.

Kuma lokacin da suka zaɓa ma abin takaici ne. Ribar takardun bashin gwamnati na kwana 91, wadda ta haura kashi 30 a ƙarshen 2022, a 2025 ta faɗo ƙasa da rabin haka. Da can riba na rufe cajin, ba a gani. Yanzu da ta tsuke, kowace pesewa da aka cire daga jikin mai ajiya take fita. Harajin E-Levy, na tura kuɗi ta waya, da aka ɗora mana a Mayun 2022 a kan kashi 1.5, aka rage zuwa kashi 1 a 2023, mun yi ta kuka har aka soke shi a Afrilun 2025. Ba mu gama sauke numfashi ba wasu suka miƙo hannu ta wata ƙofar. Sun ce dala ce, wai na'urorinsu da dala ake biya. To a 2025 sidi ya yi ƙarfi a kan dala, kowa a Kejetia shaida ne. Ina ragin?

Ban ce su yi aiki kyauta ba. Suna da ma'aikata, suna biyan haya, su ci halalinsu. Amma a ɗora caji gwargwadon abin da mutum ya ajiye, kuma asusun da bai kai wani adadi ba a ɗauke masa na wata-wata ɗungurungum. Kafin mutum ya danna ya zuba, a nuna masa da sidi da pesewa nawa za a cire a shekara, ba da kashi-kaza ba. Sun iya samun masu jin Hausa da Twi da Dagbani lokacin da suke neman mu shiga; su nemo su yanzu su yi mana bayanin ƙarin da murya, yadda wadda ba ta karatu za ta ji da kunnenta. Hukumar SEC kuma, wadda dokar 2016 ta ɗora wa kare masu zuba jari, ta tilasta cewa duk kamfanin da ya ƙara caji ya bar mutane su fita da kuɗinsu a tsohon sharaɗi, ba tare da an cire ko sisi ba. Hakkin marasa ƙarfi ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Mu dai a layinmu mun yanke shawarar rubuta ƙorafi guda zuwa ofishin SEC a Accra, da sa hannun duk wanda abin ya shafa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu zauna mu haɗa. Wanda aka yanka ya zo da wayarsa, kada ya goge saƙonnin, kuma ya ɗauki hoton shafin da ke nuna abin da aka cire tun watan da ƙarin ya fara. Mata da tsofaffin da ba za su iya fitowa ba, a turo yaro ya faɗa mana gida, za mu je mu same su.