Yadda tsuntsaye suka tayar da farashin fili a unguwarmu

Likita ne ya ce in riƙa tattaki bayan asuba saboda hawan jini, shi kuma ƙanena ya yi mini tsarabar madubin hangen nesa. Da na haɗa biyun sai na zama mai kallon tsuntsaye, sana'ar da har yau uwargida ba ta yarda a faɗe ta gaban surukai.

Bayan unguwarmu ta wajen Ɗorayi akwai wani fili da gini bai cinye ba tukuna: kududdufi, kuka guda, sai 'yan gawo da darbejiya. Ba ka raina shi sai in ba ka zauna ba. Balbela da zalɓe na bakin ruwa, hasbiya da kurciya na sama, ragon maza na ɓoye a duhuwa yana kukansa. Da damina ta kawo kai shamuwa za ta sauka, da hunturu kuma ga ƙananan baƙi da suka ƙetaro Sahara tun daga Turai, ba biza ba fasfo. Ungulu ce kawai na nema na rasa, ita da a da ko kallo ba ta ishe mu ba a bakin mayanka.

To amma a Kano, mutum mai furfura ya tsaya gaban fili yana leƙe-leƙe yana rubutu a littafi, ai magana ta ƙare. Ina tsaka da bin wani alhudahuda da ido sai na ji sallama a bayana. Dillali ne, da hularsa a karkace.

"Alhaji, barka da hantsi. Fuloti nawa za a yanka maka?"

Na ce, "Malam, tsuntsu nake kallo."

Ya yi dariya har da dafa ni. "Haka ake so, Alhaji, ciniki sai da sirri. Daga kukar nan zuwa ina tsuntsun naka ya tsaya?"

Na rantse masa, ya ce ai bai ƙaryata ni ba. Kafin mako ya zagayo sun zama gungu, kowa da igiyar awonsa. Wani ya ce filaza zan gina, wani ya ce gidan mai. Na nuna musu littafin, suka ga na rubuta "balbela 14, zalɓe 2", nan take aka fassara: shaguna goma sha huɗu, bene hawa biyu.

Yaran unguwa ne kaɗai suka gaskata ni, su ma gara a ce ba su yi ba. Wani ɗan ƙaramin ya zo da danƙo a wuya, ya miƙo mini kurciya ta yi laƙwas. "Baba, ga ta, ka huta da wannan abin, ka kalle ta da kyau." Naira ɗari biyu ya nema.

Ganin abin na neman fin ƙarfina na tafi wajen mai unguwa. Na zube na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a bar filin nan ya zama wurin shan iska." Na kawo hujja: kududdufan nan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, su ke shanye ruwan sama, duk inda aka cike su aka yi gini sai ka ga ambaliya har cikin ɗaki a watan Agusta. Na ce ko Audu Bako, da ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, ai ya ware wa dabbobi makeken wuri, ga Gidan Zoo nan muna kai jikoki da sallah.

Ya saurare ni tsaf, yana gyaɗa kai. Sannan ya sallami mutanen da ke zaure, ya matso, ya rage murya.

"Alhaji, tsakaninmu ne. Tun da ka fara zuwa, magadan filin sun ninka kuɗinsa, sun ce wani attajiri na zawarci. Yanzu babu mai iya tayawa. In kana so ya zauna haka, kada ka fasa zuwa. Gobe ma ka sa babbar riga."