Shadda ruwan madara da babban yatsa

Kun dai san Hajiyar nan ta Kaduna mai sayen kayan anko a wajena, ba sai na kama suna ba. Hoto ta gani a WhatsApp, ta ce a yanko yadi biyar-biyar na abokan ango mutum takwas, na ɗaure na kai tasha. Shaddar ruwan madara ce. A hoto kuwa ta fito fara sol.

Ranar Asabar sai ga ta a Kwari da ƙafarta, ɗan dako na biye da ƙunshin. Ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta warware turmi ɗaya a kan tebur ta ɗora wayarta a kai.

"Ɗan nan, dubi nan, ka dubi nan. Wannan da wannan uwarsu ɗaya?"

"Ranki ya daɗe, wallahi ita ce."

Kuma ita ɗin ce. Kyamarar waya ba ta san launi ba, kintace take yi. Idan yadi ya cika hoto babu komai a gefensa, sai ta ɗauka rawayar da take gani ta ƙwan lantarki ce, ta goge ta, ruwan madara ya koma fari. Farar shadda ta gaske kuma sai ta rage mata haske ta fito ruwan toka. Maganin bai kai naira hamsin ba: a ajiye farar takarda a gefen yadin, a ɗauka da ita, daga baya a yanke ta daga hoton. Wanda kyamarar wayarsa ke da Pro, wato wurin saita ta da hannu, sai ya tsayar da ma'aunin launi a wajen 5500K, wato hasken rana. Duk wannan na zayyana mata tiryan-tiryan, ina nuni da hannu. Ta bari sai da na kai aya.

"To wayar ce ta karɓi kuɗina?"

Nan layin ya ɗauki dariya. Ban ankara ba ashe maƙwabcina mai leshi ya riga ya fito da benci, har da ruwan leda ga Hajiya, kamar mai karɓar baƙin ɗaurin aure. Ya gyara tabarau, ya ce Hajiya kawo mu gani. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, wai zai duba zare. Zaren bai isa ƙasan hoto ta hagu ba, amma can ya nufa kai tsaye. Ya buɗe, ya ƙara buɗewa, har abin ya cika fuskar wayar: babban yatsan ƙafa, da farcensa, da kaushinsa na hunturu.

"Alhaji, shi ma a cikin yadi biyar ɗin yake, ko kuɗinsa daban?"

Na ce na yarona ne. Mutum kusan goma suka sunkuyar da kai a tare suna kallon silifas ɗina. Ɗan dakon ma sai da ya zagayo ya leƙa. Hajiya ta karɓi wayar ta kalli hoton, ta kalli ƙafata, ta koma kan hoton, ba ta ce uffan ba, ta miƙa wa wata mata da ba ta ma san zancen ba. Ni kuwa ina ta jan ƙafa ƙarƙashin tebur. Ai duk wanda ya shimfiɗa yadi a ƙasa ya tsaya a kansa da kyamara a 1x, wato ba a zuƙo hoto ba, ƙafarsa sai ta shiga, don idon kyamarar faɗi gare shi. A hau benci a sa 2x, gefen yadin ma ya fi miƙewa.

Abin da ke ci mini rai, wa ya koya wa mai leshin nan ɗaukar hoto? Da dare yake ɗauka da filasha, duwatsun leshi su yi ta walƙiya ba a ganin aiki, gilashin kyamara duk maiƙon tsire, ƙwai mai rawaya a sama, fari a gefe, rabin leshi launi ɗaya, rabi wani. Ni na ce masa ya kashe ƙwayayen duka, ya jawo tebur bakin shago cikin inuwa da hantsi, hasken ya shigo ta gefe, don zanen shadda da na leshi sai da hasken gefe yake tashi. Ni na ba shi farin kwali ya jingina ta ɗaya ɓangaren ya kashe inuwa. Ni na nuna masa ya tura hoto a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse shi zare ya dame. Kwalin nan har yau yana shagonsa, ya ma rubuta lambar asusunsa a bayansa.

Hajiya dai ta ɗauki fara ta gaske, bayan ta fita da ita rana ta duba sau biyu, kuma kuɗin motarta ni na biya. Yanzu ina da yadi arba'in ruwan madara a yanke biyar-biyar, ba mai babbar riga da zai kalle su. In akwai mai so ya yi magana. Sabon hoton yana nan, amma dai gara mutum ya zo ya gani da idonsa. Kada ku tambayi mai leshi hanya.