Injin Bitil ma yana ɗaukar zafi

A garejin makanikai a Gombe har yanzu za ka ji ana cewa tsohuwar Volkswagen Bitil ba ta san zafi ba, tunda ba ta da lagireto, iskar hanya ce ke sanyaya ta. Wannan magana ta kashe injuna da yawa.

Injin a baya yake, iskar gudu ba ta isa gare shi sosai. Fanka ce ke aikin: fambel yana juya ta, ta tura iska ta cikin murfin ƙarfe zuwa kan silinda huɗu masu tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi, wani ɓangaren iskar kuma ya bi ta kan abin sanyaya baƙin mai. Shi ya sa idan fambel ya tsinke, dole ka tsaya nan take. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaron gareji ya cire murfin nan ya jefar, wai ado ne. Ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da maiƙo ta toshe tsagogin, sai zafin Afrilu ya ƙarasa ɓarnar.

An fara haɗa Bitil a Legas a 1975, ta ƙarshe kuma ta fito daga Meksiko a 2003.