Ko kifin da yarinyata ta jira ba ku bari ta gani ba

Wallahi raina a ɓace yake tun daren Asabar, kuma da masu ba mu wuta a garin nan na Maradi nake.

Sati guda cur autata tana ƙirga kwana. Malaminsu ne ya ce za a nuna shiri a tele kan kifin wel, wanda su 'yan lakwal ke kira balen. Tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba: "Baba, da gaske ya kai tirela girma?" Yarinya ce 'yar shekara tara, haifaffiyar unguwar Zariya. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne tabkin Madarunfa, teku kuwa ya fi kilomita 800 daga Maradi. Idan ba a tele ba, ina za ta gan shi?

Bayan sallar isha'i muka fito da tele tsakar gida, muka shimfiɗa tabarma. Aka nuno Hermanus, wani gari a Afirka ta Kudu, inda teku ya kutsa cikin ƙasa ya kwanta luf. Daga Yuni zuwa Nuwamba kifayen nan ke baro ruwan sanyi na wajen Antatika su zo nan su haihu, kusa da gaɓa ƙwarai, har mutum na tsaye kan dutse yana kallonsu. Babbar cikinsu takan kai mita 15. Iska suke shaƙa kamar mu, nono suke shayarwa kamar saniya. Ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu jan baki suna caccakar kwanson ruwa a kan duwatsu, yarinyar ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, ga shamuwarsu!" Sai uwar kifin ta taso, ɗanta manne da gefenta, ta feso numfashi reshe biyu sama.

Ɗif! An ɗauke kuran.

Ta zauna shiru a cikin duhu, wai yanzu za a kawo. Uwarta na yi mata fifita da maficin kaba, zufa na bin wuyanta, a wannan zafi na bazara da ke wuce digiri 40 da rana, bango kuma ya kwana yana turiri. Nan barci ya sace ta. Wuta ba ta dawo ba sai wajen ƙarfe uku na dare.

Na buga lambar da ke jikin takardar kuɗin wuta har sau shida, ba wanda ya ɗauka. Amma in mutum ya makara da biya, da sassafe zai ga an zo yanke masa waya. Ni ban taɓa cin bashinku ba. Me ya sa ku ba kwa jin nauyinmu? In wutar ba ta isar gari, mun ji, to ku faɗa a rediyo cewa unguwa kaza yau babu, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Da na sani, da na kai ta gidan yayana a unguwar Ali Ɗan Sofo, shi yana da sola. Mai walda da ke kusa da mu da matar da ke sayar da ƙanƙara su ma da sun san yadda za su tsara wuninsu.

Ranar Litinin malamin ya ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani. Ta dawo gida idanunta jajir, ko abincin rana ba ta taɓa ba.