Lambar Baba Soja ba ta jari-bola ba ce

A gidajen Arewa da yawa akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da ba a buɗewa sai ranar rabon gado. Can ƙasansa, a ƙulle cikin tsumma, sai a tarar da tauraruwar tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefensa shuɗi da ruwan lemo, duk ya koɗe. Lambar yaƙin Bama ke nan, wato ƙasar Burma da ake kira Myanmar yanzu, inda sojojinmu suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu. Magada su jujjuya ta, su ga ba zinariya ba ce, malam mai rabo ma bai sa ta a lissafi ba. Daga nan ko yara su mayar da ita abin wasa, ko dillali ya ba da kuɗin cefane ya wuce da ita.

A Landan kuwa, gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans sana'arsu ce sayar da lambobin soja, kuma masu tarawa sun fi zuba kuɗi idan suka samu na mutum ɗaya a jere, haɗe da takardar sallamarsa. Da wuya in ga laifinsu. Mai tarawa yakan bi lambar rajistar sojan cikin tsofaffin kundaye har ya gano bataliyarsa da inda ya yi yaƙi, aikin da jikokin mutumin ba su yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raba lambobin. Lambar dogon aiki ta rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta azurfa ce kuma sai soja ya shekara 18 ba tabo ake ba shi, tana da suna da lamba da muƙami a zane a bakinta. Taurarin yaƙin duniya na biyu kuwa, Ingila ta raba su babu suna. To idan babban ɗa ya ɗauki ta azurfar, ƙanwarsa ta tafi gidan miji da tauraruwar, gara ta cinye takardar, shi ke nan tauraruwar ta zama marainiya. Babu mai iya cewa ƙirjin wa ta hau.

Chari Maigumeri ya yi sa'a. Ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Ingila, ya yi Habasha ya yi Bama, ya ajiye kaki a 1953, ga bariki da sunansa a Lokoja. Dubban kofur da saje na runduna ta 81 da ta 82, rundunonin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, fa? Muna wuce barikin Kalapanzin a Kaduna da na Chindit a Zariya, sunaye ne daga yaƙin Bama, amma waɗanda suka keta dazukan an manta da su.

Ba na cewa a hana talaka sayar da abin da ya gada. Yunwa ba ta san tarihi ba. Amma kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don 'yan mazan jiya. A makon bikin, me zai hana ƙungiyarsu da Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, su buɗe rajista? Iyali su kawo lambobin da takardu, a ɗauki hoton gaba da baya da baki, a rubuta sunan tsohon da garinsu da abin da tsofaffin gida suka ji daga bakinsa, sannan a mayar musu da kayansu su koma da su gida.